Matakan Gina Ƙaramin Samfurin Gida da Kwali

1. Da farko a tsayar da ma'auni. A ma'aunin 1:35 ana raba kowane tsawo na ainihi gida 35, saboda haka ƙofa mai mita 2.1 za ta koma santimita 6, mutum mai santimita 175 kuma ya koma santimita 5.

2. A zana bangwayen a kan kwali mai kauri, a yanke da sabuwar reza ana bin rular ƙarfe a hankali, domin dannawa da ƙarfi yakan yage bakin kwalin.

3. A manna su a kan allon katako da farin gam.

4. A shafa gam a tsakar gidan, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi. Wanda ba a tankaɗe ba yakan fito kamar duwatsu.

5. Sai aikin ya bushe sarai kafin a yi fenti, a fara da launi mai duhu.