Idan Gaba Yana Faɗuwa a Ƙasar Waje: Wa Za Ka Faɗa Wa, Kuma da Wane Harshe?

Ina wata na bakwai da zuwa abin ya fara. Lokacin na samu ɗaki, na samu aiki, takarduna sun fito, duk wanda ya kira ni daga gida sai ya ce ai ka huta. Sai barci ya ƙaurace wa idona. Ƙarfe uku na dare in farka a firgice, gumi ya jiƙa mini riga duk da sanyin da ake zubawa, ƙirji kamar an ɗora dutse. Sau biyu ina zuwa asibiti da yaƙinin zuciyata ce za ta tsaya. Aka auna bugunta, aka ɗebi jini, aka ce lafiyata ƙalau. A zuwa na biyu likitar ta ajiye biro ta dube ni ta ce, kafin ka zo ƙasar nan, akwai abin da ya same ka? Na ce babu. Alhali akwai. Shekara biyu kafin nan 'yan bindiga sun tare motarmu da dare, wanda muke zaune kafaɗa da kafaɗa da shi bai kai safiya ba. Ban san yadda zan faɗi wannan da Turanci ba, da Hausar ma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na fara da wannan ne don sabon zuwa ya san cewa sau da yawa ciwon da aka taho da shi ba ya fitowa a watannin farko. Lokacin mutum na fafutukar wurin kwana da takarda da abin sawa a baki, jiki a ɗaure yake. Sai ƙura ta lafa sannan abin da aka danne ya taso. Masana sun daɗe da sanin haka. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sa ciwon firgicin bayan tashin hankali cikin kundin cututtukansu, shi ne za ku ga an rubuta PTSD a takardar asibiti. Alamominsa su ne munanan mafarkai, abin ya riƙa dawo maka kamar yanzu yake faruwa, gudun duk abin da ke tuna maka da shi, razana da ƙaramin motsi, saurin fushi. Idan suka wuce wata guda suna hana ka rayuwa, lokacin neman taimako ya yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata larura irin wannan, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko wadda ta fi su nauyi.

Ko wanda bai ga tashin hankali ba, ƙaura kaɗai ta isa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Basalona ta ƙasar Sifaniya, Joseba Achotegui, wanda ya daɗe yana duba baƙin haure, ya lissafa rashi iri bakwai da mai ƙaura ke yi wa makoki ba tare da ya sani ba, ciki har da dangi, harshe, ƙasa, da matsayi. Na matsayin nan ya fi cin maza a ɓoye. Mutumin da ake miƙe wa idan ya shigo ofis, yau shi ne ke goge dandamali da dare, yaron da bai kai ɗansa ba yana ba shi umarni. Ba ya faɗa. Sai dai ka ga ya daina ɗaukar waya, ko ya koma gida yana ta faɗa da iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mu kuma ba mu cika zuwa wurin likita mu ce muna cikin damuwa ba. Cewa muke kaina na sarawa, jikina ya mutu, gabana na faɗuwa, wani abu ya tokare mini ƙirji, tunani ya yi mini yawa. Duk gaskiya ne, don damuwa a jiki take sauka. Ku bari a yi muku gwajin jini da na zuciya, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin waɗannan alamomi. Amma in gwaji ya fito lafiya kuma ciwon na nan, kada ku ce likitan bai iya aiki ba. Ku ƙara masa da labarin barcinku da abin da ke zuwa muku a rai.

A nan ne maganar harshe ta shigo, kuma ita ce ta fi damuna.

Zamana na farko da mai ba da shawara kan damuwar zuciya da Turanci muka yi. Ina jin Turanci, da shi nake aiki. Na ba ta labarin daren nan tsaf, kamar mai karanta rahoto, ko ƙwalla ban yi ba. Na fito ina cewa ashe ma abin ya wuce. Sai a zama na huɗu ta ce in faɗi abin da na ji an faɗa a motar da harshen da aka faɗe shi, ko da ba za ta fahimta ba. Na buɗe baki na maimaita kalmomin da mutumin nan ya yi ta faɗa yana riƙe da hannuna: “Ɗan'uwa, kar ka sake ni.” Nan take abin da na riƙe shekara biyu ya ɓalle. Ta bar ni na yi kukana, ba ta katse ni ba. Daga ranar aiki ya fara.

Masu binciken harshe irin su Aneta Pavlenko da Jean-Marc Dewaele sun nuna cewa yawancin masu harshe biyu sun fi jin zafin magana da daɗinta a harshen da suka tashi da shi. Harshen da aka koya daga baya yana sa tazara tsakanin mutum da abin da yake faɗa. Tazarar na da amfaninta: akwai abin da kunya ba za ta bar mace ta furta da Hausa ba, musamman in ya shafi cin zarafi, amma ta iya faɗinsa da Turanci ko Faransanci. Shi ya sa mai ba da shawara nagari yake barin ka ka yi ta shiga da fita tsakanin harsunan biyu yadda zuciyarka ta ga dama. Ga kuma kalmomin da ba su da madadi. Ka ce kawaici, ka ce kara, ka ce rufin asiri, ka ce an ci mutuncina: in aka juya su da kalma ɗaya, rabin ma'anar ya zube a hanya. Ka faɗe su da Hausa, sannan ka yi bayani da misali.

Samun ƙwararren da ke jin Hausa a Turai ko Amurka abu ne mai wuya, gara in faɗa muku tun yanzu. Abin da aka fi samu shi ne tafinta. A Ingila asibitocin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, suna samar da shi kyauta, sai dai ka nema tun lokacin da kake karɓar ranar ganin likita. A Amurka doka ta wajabta wa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya taimaka wa wanda ba ya jin Turanci sosai. A Jamus kuwa inshorar lafiya ba ta cika biyan kuɗin tafinta ba, don haka masu neman mafaka sun fi samun sauƙi a cibiyoyin kula da lafiyar zuciya na 'yan gudun hijira da ke manyan birane. Ka ce Hausa ƙarara, ka ma rubuta musu, domin wasu ma'aikatan ƙasarka kawai suke dubawa su kawo maka mai wani yaren daban.

Kada ku sa yaranku su yi muku tafinta a irin wannan zama. Na taɓa raka wata baiwar Allah, wadda ta haife ni a shekaru, ta taho da ɗanta ɗan shekara 12 don ya fassara mata. Na ja ta gefe na ce, “Inna, abin da za ki faɗa a ciki, kina so yaron nan ya kwana da shi a ransa?” Ta yi shiru ta ce, “Ɗana, to wa nake da shi?” Muka nemi a ɗaga ranar, aka samo tafinta mace ta waya. Daga baya ta ce mini da yaron na wurin, da ciwon baya kawai za ta ambata ta tashi. Haka miji bai dace ya fassara wa matarsa ba, ko da suna zaman lafiya. Idan kuma Hausawan garinku kaɗan ne har kana tsoron tafintan zai zama wanda kuke haɗuwa a taro, ka nemi na waya daga wani gari, ka nemi a sakaya sunanka. Kana iya cewa namiji kake so ko mace. In ka lura kana doguwar magana shi yana taƙaita ta da kalma uku, ko ya fara yi maka nasiha daga aljihunsa, ka faɗa wa mai ba da shawarar a canja shi.

Ta ina ake shiga? A yawancin ƙasashe ta wurin likitan iyali. A Ingila yin rajista da shi ba ya buƙatar shaidar izinin zama, kuma babba mai rajista na iya miƙa kansa kai-tsaye ga shirin NHS Talking Therapies ta intanet ko ta waya, kyauta. Akwai jira, wani lokaci na watanni, don haka ku sa suna da wuri. Wanda aka azabtar kafin ya zo, ƙungiyar Freedom from Torture ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1985, aikinta ke nan. Ɗalibai su duba jami'arsu, kusan kowace tana da ofishin ba da shawara. Mai neman na kuɗi a Birtaniya ya kula: doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, don haka a duba sunansa a rajistar ƙungiyoyin ƙwararrun fannin, BACP ko UKCP.

Zaman kan ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Ba a tilasta ka ka zazzage komai ranar farko. Akwai hanyar da ake kira CBT, inda ake bin diddigin yadda tunani ke haifar da tsoro, tsoro ke haifar da gudu, gudun kuma ya ƙara wa tsoron ƙarfi. Ga ciwon firgici akan yi zama 8 zuwa 12. Akwai EMDR, wadda Francine Shapiro ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, ana tuno abin da ya faru ido na bin motsi dama da hagu. Idan likita ya rubuta maganin damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai da shawararsa.

Babban abin da ke hana mu zuwa shi ne tsoron tonon asiri, da tsoron a ce wane ya taɓu. Abin da ka faɗa a ɗakin amana ce da doka ta kare. Ba a kai wa mai gidan da kake haya, ba a kai wa wurin aikinka ko danginka. Iyakarsa ita ce idan ranka ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Ka tambayi wannan iyaka a zaman farko, wajibinsu ne su yi maka bayani. Iyaye mata da yawa suna ɓoye ƙuncin bayan haihuwa don gudun a ƙwace musu jariri. Uwar da ta je da ƙafarta ta ce ina buƙatar taimako, ana ganinta a matsayin mai kula da ɗanta. Ɓoyewa har abu ya ta'azzara shi ya fi jawo matsala.

Sai masu cewa ai rashin tawakkali ne. Wannan magana tana yi mini ciwo, don na ga masu tsayuwar dare da abin ya kama. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan tsoro da fushi da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya ce kowanne da maganinsa. Ka yi addu'arka, ka je wurin limaminka ko fastonka, ka kuma je wurin likita. Mai ba da shawarar da ya san aikinsa zai tambaye ka matsayin addini a rayuwarka ya girmama amsar. Wanda ya yi wa imaninka kallon cuta, ko ya ce ka yanke hulɗa da danginka tun bai fahimci abin da dangi ke nufi a wurinka ba, ko ya yi shakka idan ka ba shi labarin wariyar launin fata da aka nuna maka, ka nemi wani. Ba a tsaya wa kunya a nan. Haka kuma duk abin da ka zo da shi, ko mai saɓa wa abin da mutanenka suka saba ji ne, ba aikinsa ba ne ya yanke maka hukunci.

Ku sa ido kan yaran da suka taso a nan. A makaranta ana ce musu baƙi, in sun yi waya da dangi a yi dariyar Hausarsu. Yarinyar da ta ce maka “Baba, ni ban san ko ni wace ce ba” tana neman wanda zai zauna ya saurare ta ne, tsawa ba za ta amsa mata tambayar ba. In ta fi sakewa da wani babba a makaranta, kar ka ɗauke shi raini.

Idan tunanin kashe kai ya zo maka, ko ka ji wani ya furta, wannan ba ya jiran layi. A Amurka da Kanada a kira 988. A Birtaniya da Ailan akwai Samaritans a 116 123, dare da rana, kyauta. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce. Tambayar mutum kai-tsaye ko yana tunanin haka ba ta cusa masa ra'ayin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ka zauna da shi, ka kawar da magunguna da makami daga kusa, ku kira tare.

Kafin zamanka na farko, ka samu takarda ka rubuta abu uku da Hausa: yaushe abin ya fara, me yake hana ka yi, da kalmar da kai kanka kake kiransa da ita. Ni “faɗuwar gaba” na rubuta. Na miƙa wa matar ta yi ƙoƙarin karantawa, ta tambaye ni a wane wuri a jiki nake jin sa, na ɗora hannu a ƙasan ƙirjina na nuna mata. Har muka gama zamanmu goma sha biyu da wannan sunan take kiransa.