Yadda ake nuna allon kwamfuta mai Linux a talabijin ba tare da igiya ba

Ɗalibai da masu gyaran kwamfuta da dama a Garwa, Marwa da Ngawndere sun koma Ubuntu, wani nau'in Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), saboda tsohuwar laftof ta fi sakin jiki da ita. Inda ake cijewa shi ne ranar da aka ce a haska darasi a talabijin ɗin aji, ko a nuna hotunan biki a falo. Mai Windows ya danna maɓalli biyu ya wuce, kai kuma kana ta laluben inda abin yake. Ana iya yi a Linux, amma sai ka san abu biyu kafin ka ƙona data: wace hanya talabijin ɗin ke karɓa, kuma katin Wi-Fi ɗinka zai iya ɗaukarta ko ba zai iya ba.

Fara da talabijin. Hanyoyi uku ne suka cika kasuwa, kuma ba sa jin maganar juna. Miracast ya fito a 2012 daga ƙungiyar Wi-Fi Alliance, yana haɗa na'ura biyu kai tsaye, ba ruwansa da intanet. Shi ne Screen Share a talabijin ɗin LG, shi ne Screen Mirroring a Samsung, shi ne kuma a cikin ƙananan sandunan nan na AnyCast da ake sokawa a ramin HDMI. Chromecast na Google ne, tun 2013, kuma yana zuwa a cikin talabijin masu Android TV ko Google TV. AirPlay na Apple ne. Ɗauki rimot ka duba jerin hanyoyin shigar hoto, za ka ga wanne ne naka. Kada mai shago ya ce maka "smart ce, tana yin komai" ka yarda. Sandar Chromecast ba ta karɓar Miracast ko kaɗan.

In Miracast ne, koma kan laftof. Buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

sudo apt install iw
iw list

Rubutu zai zubo da yawa, kada ya ba ka tsoro. Gangara har ka ga layin Supported interface modes. A ƙarƙashinsa nemi P2P-client, P2P-GO da P2P-device. In suna nan, katinka na iya Wi-Fi Direct, wato ginshiƙin Miracast. In babu su, to babu manhajar da za ta ƙirƙiro su, komai yawan abin da ka sauke. Katunan Intel galibi suna da su. Waɗanda suka fi ba da ciwon kai su ne na Broadcom masu aiki da direban kamfanin mai suna wl, irin waɗanda ake samu a tsofaffin laftof na hannu. Umarnin lspci zai gaya maka wane kati ne a cikin taka. Ni dai shawarata, in za ka sayi laftof ta hannu don koyarwa, ka tafi da Ubuntu a filasha, ka kunna ta a gaban mai shagon ka yi wannan gwaji kafin ka ƙirga masa sefa.

Kati ya ci jarrabawa? Sai ka sa manhajar Network Displays, wadda ke tura allon zuwa talabijin:

sudo apt install gnome-network-displays gstreamer1.0-plugins-ugly gstreamer1.0-plugins-bad gstreamer1.0-libav

Sunaye ukun ƙarshe su ne mutane ke tsallakewa, daga baya su ce abin bai aiki. Miracast na tura hoto ne a tsarin H.264, kuma waɗannan su ke ɗauke da injin da ke matse hoton da sautin kafin a aika. Manhajar na dogara da manhajoji biyu masu kula da haɗin Wi-Fi, wato NetworkManager daga sigar 1.16 zuwa sama tare da wpa_supplicant, Ubuntu 22.04 da 24.04 duk suna zuwa da su. Wanda ba Ubuntu yake ba zai same ta a Flathub, rumbun manhajojin Linux na intanet, sai dai ta can ta fi cin data a saukewar farko.

Yanzu sa talabijin a shafin Screen Share ko Screen Mirroring ka bar ta tana jira. In sandar AnyCast ce mai maɓalli a jiki, danna shi har allon ya nuna Miracast, domin wasu suna tashi ne a AirPlay. Buɗe Network Displays. Tsarin zai tambaye ka wane allo za a raba, zaɓi allon gaba ɗaya ka amince. Ba da ɗan lokaci sunan talabijin ya bayyana, ka danna shi, sannan ka ɗaga kai ka kalli talabijin ɗin: sau da yawa tana neman izini, kuma in ba a amsa da rimot ba sai ta katse.

Suna ya ƙi fitowa, ko ya fito haɗin ya faɗi? Cire laftof daga Wi-Fi ɗin da take kai, amma kada ka kashe Wi-Fi ɗin kansa. Wasu katuna ba sa iya riƙe rawta da talabijin a lokaci guda. In ka kunna katangar tsaro ta ufw, buɗe mata ƙofar da Miracast ke bi:

sudo ufw allow 7236/tcp

Hoto ya tafi, sauti ya maƙale a laftof? Shiga saitin sauti, za ka ga sabuwar mafita mai ɗauke da sunan Network Displays, zaɓe ta.

Chromecast ya fi sauƙi, kuma bai damu da P2P ba, wato Wi-Fi Direct ɗin nan, don haka shi ne mafitar mai katin Broadcom. Sharaɗinsa ɗaya: laftof da talabijin su hau Wi-Fi guda, ko da na wayar hannu ne. Buɗe Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama, nemi Cast, ko Caster in da Faransanci ka saita shi, ka zaɓi shafi ɗaya ko allon duka. Shafi ɗaya yana tafiya da sautinsa, allon duka kuwa a Linux yakan isa bebe. Fim ɗin da ke cikin laftof kuma VLC, manhajar kallon bidiyo, ne ya dace da shi, tun sigar 3.0 ta 2018 yana turawa Chromecast. Sai dai saita Chromecast a karon farko na buƙatar intanet da manhajar Google Home.

AirPlay daga Linux zuwa talabijin kada ka ɓata lokacinka. Akasin haka ne ke aiki: manhajar UxPlay na mayar da laftof mai karɓar allon iPhone.

Akwai jinkiri tsakanin abin da kake yi da abin da ke fita a talabijin, ba makawa. Don darasi, hotuna ko takardar lissafi ba ya damun kowa. A gidan kallon ƙwallo kuwa maƙwabta za su riga ku ihun ci, kuma laftof mai matse bidiyo cikin zafin Afrilu na Garwa takan ɗau zafi hoton ya fara tsinkewa. Rage girman allo zuwa 1280x720, ɗaga bayan laftof iska ta shiga, ka matso da ita kusa da talabijin. In wasan kai tsaye ne za a nuna wa jama'a, igiyar HDMI za ka sa.