Yadda Ake Shiga Kogwannin Phong Nha da Ƙaramin Guzuri

A tsakiyar ƙasar Biyetnam, kusa da iyakarta da Laos, akwai gandun dajin Phong Nha-Ke Bang, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2003. Duwatsun yankin na farar ƙasa ne, kuma ruwa ya shafe miliyoyin shekaru yana rarake su har ya bar ɗaruruwan kogwanni. Mafi shahara shi ne Son Doong, kogon da ake ɗauka mafi girma a duniya, sai dai shigarsa tana cin kimanin dala 3,000, ga jiran layi na watanni. Mai ƙaramin ƙarfi ya cire shi daga lissafi ba tare da baƙin ciki ba, domin makwabtansa sun isa su cika ido.

Fara da zaɓen lokaci, don shi ne abin da kuɗi ba ya gyarawa. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwan sama yana sauka kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya toshe bakin wasu kogwannin, a rufe su. Ka nufi tsakanin Maris da Agusta. Biza kuwa ana nemanta ta intanet, kuma tun Agustan 2023 aka buɗe wannan hanya ga 'yan kowace ƙasa.

Daga Hanoi, babban birnin ƙasar, ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa garin Dong Hoi, tafiyar sa'o'i goma ko kusa da haka, wadda za ta rage maka kuɗin masauki na kwana guda. Daga can zuwa ƙauyen Phong Nha bai kai kilomita 50 ba, kuma motar haya ta fi tasi araha nesa ba kusa ba. Ka sauka a gidajen mazauna ƙauyen da ke karɓar baƙi, inda galibi za su ba ka hayar keke ko babur. Abincin halal yana da wuyar samu a nan, saboda haka ka riƙe kalmar "chay", wadda ke nufin abinci marar nama, ka kuma tafi da ɗan guzurinka.

Kogon Phong Nha ta ruwa ake shigarsa. Ana biyan kuɗin kwale-kwale ɗungurungum ne, ba kai-kai ba, don haka ka dakata a wurin sayar da tikiti har ka samu wasu baƙi ku haɗu ku raba kuɗin. Idan an iso bakin kogon, matuƙin yakan kashe inji ya koma tuƙi da filafili, sai ka ji wurin ya yi tsit, ba abin da ke tashi sai ɗigar ruwa daga rufi da fiffikar jemagu. A zamanin yaƙi da Amurka, cikin wannan duhun mutane suka riƙa fakewa daga bama-bamai.

Kogon Thien Duong, wanda sunansa ke nufin aljanna, tsawonsa ya kai kilomita 31, amma tikitin gama-gari na kilomita ɗaya ne, a kan gadar katako mai fitilu. Sai ka hau matakala kusan 500 kafin ka kai ƙofarsa, wadda ƙarama ce ƙwarai, daga nan ka gangara cikin wani fili mai sanyi inda ginshiƙan dutse ke saukowa daga sama kamar narkakken kyandir. Ka je da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.

Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne kuɗin ɗan jagora. Duk kogon da ke cikin daji, kada ka kuskura ka nufe shi kai kaɗai, domin har yau akwai bama-baman da ba su fashe ba a ƙasar yankin, kuma ruwa yana iya tasowa cikin kogo ba zato ba tsammani. Ka tanadi takalmi mai kama ƙasa, tocilar goshi da batir na ko-ta-kwana, jakar leda don waya da fasfo, da doguwar safa saboda matsattsaku. A cikin kogon kuma kada ka taɓa ginshiƙan, domin maiƙon tafin hannu yana ɓata dutsen da ya ɗauki dubban shekaru yana girma.