Baƙin mai ya yi ƙasa: kurakuran da ke cin inji tun fitila ba ta kama ba

Direbobi da yawa da ke bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega da Yawuri sun ɗauka muddin geji, wato siririn ƙarfen da ake zarowa a duba yawan mai, ya taɓo ɗan baƙin mai, to sai ranar juye. Yawancin kurakuran da ake yi daga wannan tunani suke tasowa.

Ƙaramar mota irin Golf ko Corolla tana shan kusan lita 4. A motoci da yawa, tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin geji kusan lita 1 ce. Ke nan idan mai ya sauka alamar ƙasa, lita 3 ke ɗaukar nauyin lita 4. Zafin inji bai ragu ba. Toka da ɗanyen fetur da ke sulalewa ta gefen ringi ba su ragu ba, ƙurar hunturu ma haka. Ɗan man da ya rage sai ya yi ta kai da kawowa, bai samu zama a kwanon da yake taruwa a ƙasan inji ya huce ba, kuma zafi ne ke tsofar da mai: a lissafin masana, ƙarin digiri 10 na iya ninka saurin lalacewarsa. To haɗa wannan da bazarar Kebbi, watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga mota an danƙara mata albasar Aliero. Sinadaran da kamfani ya zuba don wanke inji da kashe tsami sukan ƙare da wuri, mai ya yi kauri, ya fara tara laƙa, laƙar ta toshe rariyar famfon mai. Ranar juye ba ta zo ba, amma man ya riga ya mutu.

Gyaran ba kuɗi yake ci ba. A zaro geji sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Sai dai dubawar ma ana yin ta ba daidai ba: wani a kan gangare, wani yana kashe inji ya zaro, mai bai gama komawa kwano ba. A tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a jira minti 5 zuwa 10, a goge gejin da tsumma, a mayar har ƙarshe, sannan a karanta.

Sai batun jar fitilar nan mai siffar buta. Ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. Kafin ta kama, famfo ya riga ya kasa kai mai inda ake buƙatarsa. Idan ka ga tana ƙyaftawa a kan kwana ko in ka taka birki, mai ne ya tuɗe gefe guda, famfo ya zuƙi iska, kuma a daidai lokacin karanshaf, babban sandan da ke juyawa a cikin inji, da metal, wato mazaunin da yake juyawa a kai, suna gugar juna ƙarfe da ƙarfe. Nan ne direba ke cewa, "Ku yi haƙuri jama'a, bari mu lallaɓa Koko." Babu lallaɓawa a nan. A faka, a kashe. Jiran bakanike a bakin hanya ya fi sauke injin da ya buga sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. "Oga, ƙara mini lita ɗaya, tafiyar da nisa." Mai ya haura alamar sama, karanshaf ya riƙa dukansa har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe, ga sil-sil su fara yoyo. A zuba kaɗan-kaɗan ana dubawa.

Ciko ba juye ba ne. Mai motar da ke shan mai yakan ce ai kullum sabo yake zubawa, me zai juye? Dattin yana nan cikin kwano da filta, bai je ko'ina ba. Kuma duk juyen da aka bar tsohuwar filta, rabin aiki ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne rufe ciwo da mai kauri. Mota ta fara shan mai, sai a ɗura mata 20W-50 ko wani ruwa mai danƙo, alhali kamfani 5W-30 marar kauri ya rubuta. Hayaƙi ya ɗan lafa, amma da sanyin safiya man yakan daɗe bai hau saman inji ba. A nemo inda man ke tafiya. Ɗigo a ƙasa inda mota ta kwana yoyo ne, ko gasket ko sil ko noti. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa ƙonewa ne, a duba ringi da sil ɗin bawul. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, wannan kuma wata magana ce. Man da ake aunawa a gora bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, ba zan zuba shi ko a ciko ba.

Ƙananan injuna sun fi kowa shan wahalar wannan sakaci, don ba su da rara. Babur ɗin kabu-kabu kusan lita 1 yake ɗauka, ƙaramin injin ban ruwa da ake noman rani da shi a fadamun Argungu da Augie bai ma kai lita ba. Raguwar kofi guda a nan babbar raguwa ce. Wasu injunan suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa, sai manomi ya tsinke wayar don wai tana ɓata masa aiki. Sau da yawa ma injin ne aka ajiye a karkace bakin rijiya. A daidaita mazauninsa, a mayar da wayar, a duba mai kowace safiya kafin a ja igiya.