Yadda ake neman sikolashif

Kar ka jira sai an buɗe fotal, wato shafin cike fom, kafin ka fara tara takardu. Sakamakon jarabawa, fasfo da wasiƙar shaida daga malami duk ka yi sikanin ka ajiye a waya, don malamai fa sai ka bi su sau uku kafin su rubuta maka. Sannan ka shiga shafin masu bayarwa kai tsaye, DAAD na Jamus, Fulbright na Amurka ko Chevening na Birtaniya, ita Chevening ta digiri na biyu ce kuma sai ka yi shekara 2 kana aiki. Bayanin kanka da za ka rubuta musu kar ka kwafo na wani, wallahi suna ganewa. Wanda ya biyo ka WhatsApp wai turo kuɗi ya sama maka gurbi, bulokin ɗinsa kawai.