Kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi idan karatu ya kai su Fiji

Na yi zango guda na karatu a Suba, babban birnin Fiji, kuma tun da na dawo ƙanne ke ta tambayata yadda ake zama da mutanen can. To gaskiya abin da na lura shi ne ba rashin tarbiyya ke jefa ɗan Hausa cikin kuskure a Fiji ba, sau da yawa ma ladabin da aka koya mana a gida ne ke juyewa a can ya zama rashin kunya.

Mu fara da hula. A wurinmu ka je gaban manya kai ba hula ai raini ne, a ƙauyen Fiji kuwa akasin haka ne, shiga gari da hula ko baƙin gilashi raina sarkin garin ne. Ranar da aka kai mu wani ƙauye a tsibirin Biti Lebu ina sanye da zanna bukar ɗita, muna sauka daga mota wani dattijo ya matso ya ɗan taɓa kansa da yatsa yana murmushi, bai ce komai ba, nan take na cire na riƙe a hannu. Gyaran ke nan, ka cire tun daga bakin gari. 'Yar'uwa mai hijabi kuma ta sa wanda ya kawo ta ya yi wa masu gida bayani tun kafin a iso cewa na addini ne, sun san Musulmi, suna zaune da su.

Shafa kan yaro ma haka. Mu idan yaro ya gaishe ka sai ka shafa kansa ka ce Allah ya yi albarka, su kuwa kai abu ne mai alfarma, ba a taɓa shi ko na ƙaramin yaro. Ka riƙe hannunka, ka ce masa bula, wato gaisuwarsu, ya wadatar.

Babban kuskuren dai shi ne faɗawa ƙauye hannu rabbana don kawai ka ga bakin teku mai kyau. Yawancin ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ce, har wurin kamun kifi yana da masu shi, saboda haka baƙo sai ya yi abin da suke kira sebusebu, wato ka sayi ƙunshin saiwar yangona, tsiron da suke yin abin sha da shi, a kasuwar Suba, a nannaɗe maka a jarida, ka nemi turanga ni koro wanda shi ne kamar mai unguwa ya shige maka gaba wajen sarki. Duk wanda ya taɓa kai goro gidan mai gari zai gane abin nan take. Ka ɗaura sulu, zanen da maza da mata ke ɗaurawa, ka tuɓe takalmi a ƙofa, ka zauna ƙasa ka tanƙwashe ƙafa, kada ka tsaya ƙiƙam a kan mutane suna zaune.

Daga nan za a jiƙa yangonar a babban akushi da ake ce wa tanoa, a miƙo maka a ɓawon kwakwa. Mai sha yana tafi sau 1, ya shanye a tashi ɗaya, ya tafa sau 3. Ba giya ba ce amma tana kashe harshe tana saukar da kasala, don haka ka yanke shawararka tun a gida, ka tambayi malaminka in kana da shakka. Ni ban sha ba. Kuskuren shi ne ka ture ƙoƙon ko ka yamutsa fuska, ni tun kafin a zauna na faɗa wa mai yi mana jagora, da aka zo kaina na ce binaka, wato na gode, aka wuce, kuma wallahi ba wanda ya canza min fuska har muka tashi.

Abinci kuma kada kunya ta hana ka tambaya. Lobo, gashin da suke yi a rami da duwatsu masu zafi, ana yawan haɗa alade a ciki tare da kaji da gwaza da rogo. Ka faɗa da wuri, za su ware maka kifi. A cikin gari ba matsala, akwai Musulmi cikin jikokin Indiyawan da Turawan Ingila suka kawo aikin rake daga 1879 zuwa 1916, akwai masallaci a unguwar Turak cikin Suba, naman halal ma ana samu. Sai dai ka kula da alƙibla, bakinmu ya saba da cewa a fuskanci gabas, a Fiji kuwa Makka tana yamma ne. Kilishi da daddawa da zuma kuma kada ka ɓoye a jaka, a filin jirgi ba sa wasa da kayan abinci, ka rubuta a fom ko ka sha tara.

Sunaye ma suna ba da wahala saboda rubutunsu daban da furucin, Nadi inda jirgi ke sauka Nandi ake cewa, kalmar moce ta ban kwana kuma kusan mode ne da harshe tsakanin haƙora. Daga Nandi zuwa Suba wajen awa 4 ne a bas, kada ka ɗauka unguwa da unguwa ne. Kuma in tikitinka ya bi ta Ostareliya ka nemi bizar wucewa tun kana gida.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce ta guguwa, guguwar Winston da ta faɗa musu a Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44, saboda haka in aka ce jirgin ruwa ba zai tashi ba kada ka nemi mai kwale-kwale ya tsallaka da kai don kana da lacca ranar Litinin. Lahadi kuma a ƙauye ranar coci ce da hutu, ba a hayaniya ba a wasan ruwa, ka bari sai wata rana. Fiji na gaban Najeriya da awa 11, in kana son jin muryar Hajiya ka kira da sassafenka, lokacin su sun idar da isha'i.