Ku kulle kwafin hirarku ta WhatsApp da ke Google Drive

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekarar 2016 WhatsApp ke rufe saƙonni da makulli daga wayar mai turawa har wayar mai karɓa, ko kamfanin ba ya iya karantawa a hanya. Sai dai akwai ƙofar da da yawanmu muka bari a buɗe, wato kwafin hirar da waya ke ajiyewa a ma'ajiyar intanet ta Google Drive ko iCloud. Wannan makullin ba ya hawa kansa sai kun kunna da hannunku, kuma tun 2021 aka ba da damar.

Ku shiga saitin WhatsApp, sashen hira, wurin ajiyar kwafi, za ku ga inda ake kunna kullewar. Cikin zaɓin da za a ba ku akwai kalmar sirri, da kuma makulli mai lamba 64. Ni dai kalmar sirri nake ba da shawara, doguwa, ba ranar haihuwa ba, ba lambar waya ba. Don Allah ku rubuta ta a takarda ku adana a gida, domin idan waya ta ɓata kuma kun manta kalmar, WhatsApp ba zai iya dawo muku da hirar ba.

Abin ya dame ni ne saboda hotunan rasit, lambar asusun banki da katin shaida da muke tura wa juna duk suna cikin kwafin nan.

Sannan lambar nan mai lamba shida da WhatsApp ke turowa ta tes don tabbatar da layinku, kada ku karanta wa kowa, ko da ya ce daga shugaban guruf yake.